Masu hasashen cinikin intanet na 1995: wa ya canka, wa ya cinye takardarsa?

Ɗalibar Lauya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Aikin makaranta ya sa ni tono abin da aka rubuta tsakanin 1994 da 2000 a kan saye da sayarwa ta intanet, kuma wallahi na sha dariya. A watan Fabrairun 1995 wani masanin taurari a Amurka, Clifford Stoll, ya rubuta a mujallar Newsweek cewa zancen cinikin intanet duk ɓaɓatu ne. Ya ce babu amintacciyar hanyar tura kuɗi, kuma ko an samu, babu mai tsaron shagon da zai tarbe ka. Har ya ce cinikin da rukunin kantunan unguwarsu ke yi a yammaci ɗaya ya fi na intanet gaba ɗayanta a wata guda. Wata biyar da faɗin haka Amazon ta fara sayar da littattafai. Shi kuwa Robert Metcalfe, wanda ya ƙirƙiro Ethernet, fasahar haɗa kwamfutoci da juna, cewa ya yi intanet za ta durƙushe a 1996, in ba ta durƙushe ba zai ci maganarsa. A 1997 ya tsaya gaban taro, ya markaɗa takardar da ya rubuta hasashen a ciki da ruwa, ya cinye.

Waɗannan na ban dariya ne. Abin da nake so mu tattauna shi ne hasashen lauyoyi. Wasu sun ce babu dokar ƙasar da za ta iya kama cinikin da ba shi da iyaka, wasu sun ce tsohuwar doka ta wadatar. Wa ya fi kusa da gaskiya?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam 'yata. Ni dai wannan mai taurarin ban ga inda ya yi ƙarya ba a zancen mai tsaron shago. Shekarata ta shida ina saro atamfa a Kwari ina sayarwa ta WhatsApp, ban taɓa ganin wadda ta ga hoto kawai ta turo kuɗi ba. Sai an yi murya, sai an ce "Hajiya a fitar min da turmin rana in ga launinsa", sai an ce a jiƙa gefe a ga ko yana zuba. Wata sai mun yi kwana uku muna abu ɗaya kafin in ga alat. Mai tsaron shago bai mutu ba, wayarsa ce ta zama shagon.

Injiniya: Hajiya ta taɓo rabin maganar. Ɗaya rabin, na kuɗi, a nan ne masu hasashe suka yi ɓatan kai sosai, kuma har da masu goyon bayan intanet ɗin. A wancan lokacin kusan kowa ya ɗauka sai an ƙirƙiro sabon kuɗi na kwamfuta. David Chaum ya kafa DigiCash, kuɗin da ba a iya bin sawun mai kashe shi, wani banki a St. Louis ya gwada shi, a 1998 kamfanin ya karye. Visa da MasterCard suka haɗa kai suka fito da wani tsari mai sarƙaƙiya a 1996 da ake kira SET, shi ma ya mutu a kwance. Me ya ci kasuwa? Tsohon katin bashi da ke aljihun mutane, da ɗan kwaɗon nan da kamfanin Netscape ya saka a burauzarsa, manhajar buɗe shafukan intanet, don ɓoye lambar katin a hanya.

Dalilin kuwa doka ce, ba fasaha ba. Tun shekarun 1970 dokar Amurka ta ce in an saci katinka aka yi sayayya, abin da za a iya ɗora maka bai wuce dala 50 ba, kuma wata doka ta 1974 ta ba ka damar ƙalubalantar kuɗin da aka cire in ba a kawo maka kaya ba. To mutumin da ya san banki ne zai yi jinyar asarar, me zai hana shi gwada sayen littafi a wurin wanda bai taɓa gani ba?

Ɗalibar Lauya: Yaya Injiniya wannan ban lura da shi ba ko kaɗan. Ke nan dokar da aka yi kafin a san za a yi intanet ita ta ɗauki cinikin a kafaɗa.

Injiniya: Ƙwarai. Ki kwatanta da mu da muke tiransifa. In kin tura da hannunki, kuɗi sun tafi. Dawo da su sai kai ƙara, sai zarya, sau da yawa sai da odar kotu. Shi ya sa da Jumia da Konga suka fara a 2012, "biya in kaya ya iso hannunka" ya zama babban abin jan mutane.

Barista: Ƙanwata kin tsokano tsuliyar dodo, bari in ajiye fayil in zauna. Ɓangarori uku ne, ba biyu ba.

Na farko su John Perry Barlow. Ranar 8 ga Fabrairun 1996 yana Davos ya rubuta sanarwar 'yancin kan duniyar intanet, yana gaya wa gwamnatoci cewa ba su da iko a can, su tattara nasu ya nasu. Shi mawaƙi ne kuma makiyayi, ana iya yi masa uzuri. Amma a shekarar nan wasu masana doka biyu, David Johnson da David Post, sun rubuta a mujallar doka ta Stanford cewa intanet wuri ne mai zaman kansa, iyakokin ƙasa ba su da ma'ana a cikinsa, don haka a bar shi ya haifi dokokinsa.

Sai alƙali Frank Easterbrook ya tashi a wani taro a Chicago, shi ma a 1996, ya yi musu ba'a. Ya ce babu wani abu wai shi dokar doki. Akwai shari'ar wanda ya sayi doki, akwai ta wanda doki ya harba, akwai ta likitan da ya ba doki maganin da bai dace ba, amma wanda ya tara su ya ce ya karanta "dokar doki" bai koyi komai ba. Ya je ya koyi dokar ciniki da ta diyya, za su ishe shi. Haka intanet.

Na uku masanin doka Lawrence Lessig, wanda ya mayar wa Easterbrook da martani a 1999. Shi cewa ya yi ku daina kallon majalisa kawai, wanda ya rubuta manhajar shi ne mai yin doka na gaske, don shi ke yanke abin da za ka iya dannawa da wanda ba za ka iya ba.

In kin tambaye ni, Barlow ne ya fi kowa faɗuwa.

Baba Tsohon Ma'aikacin Banki: Barista, makiyayin shanu ne ya rubuta wa gwamnatocin duniya takardar sallama? To Allah ya jiƙan maza.

Injiniya: Ban yarda Barlow ya faɗi ƙasa warwas ba. Ɗan damfara yana zaune a wata nahiya yana kwashe kuɗin mutane a wata, wace kotu ta kama shi? Ɗaya cikin nawa ake kamawa?

Barista: Injiniya ka bari in ba ka labarin Yahoo. A shekarar 2000 wasu ƙungiyoyi biyu a Faransa suka kai ƙarar Yahoo a kotun Paris, saboda a shafinta na gwanjo ana sayar da kayan tunawa da 'yan Nazi, abin da dokar Faransa ta haramta baje shi. Yahoo ta ce ita kamfanin Amurka ce, kwamfutocinta suna Kalifoniya, kuma ba ta da hanyar sanin wane ne Bafaranshe a cikin masu shiga. Alƙali Jean-Jacques Gomez ya naɗa ƙwararru uku, cikinsu har da Vinton Cerf, ɗaya daga cikin iyayen intanet ɗin kanta. Suka ce ana iya gane kusan kashi 70 cikin 100 na masu shiga daga Faransa ta adireshin kwamfutarsu. Abin da ya ƙara kashe bakin Yahoo, an lura tana nuna wa masu shiga daga Faransa talla da Faransanci. Wato in don kuɗin talla ne kin san Bafaranshe, in don doka ne ba ki san shi ba? A Nuwamba alƙali ya ba su wata uku, in suka ƙi tarar faran na Faransa 100,000 kullum. Da Janairun 2001 ta kama Yahoo ta cire kayan, tana cewa ra'ayin kanta ne.

Yau ka buɗe kowace manhaja, ta san ƙasar da kake, ta san kuɗin da za ta nuna maka, ta san abin da za ta ɓoye maka. Iyakar da aka ce ta mutu, kamfanonin da kansu suka sake gina ta.

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku. Barista, wagga magana taka ta manya ce. Faransa ta kama Yahoo don Yahoo na da reshe da dukiya a Faransa, akwai abin damƙewa. Ni fa? Watan jiya na ga shadda a Facebook wurin wani mai shago a Kano. Muka koma WhatsApp, ya nuna min bidiyo, shadda mai nauyi tana ƙyalli. Na canza sefa, na sa wani ɗan'uwa a Katsina ya tura mai naira. Aka sanya kaya a mota ta Jibiya. Da na kwance ƙullin, yadi goma na sama ne kawai irin na bidiyo, na ƙasa duka mai sauƙi ce, wadda in ka ɗaga ta kana hango mutum ta ciki. Na kira, ya ce yaransa ne suka yi kuskure. Na sake kira, waya a rufe. To ina zan kai ƙara? Maraɗi inda nike, Katsina inda kuɗi suka fita, ko Kano inda shago yake? Kuma kuɗin mota da na lauya ba za su cinye shaddar ba?

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi. Sannu Alhaji. Irin waɗannan ne ke ɓata mana suna.

Barista: Sannu Alhaji, Allah ya mayar da alheri. A ƙa'ida inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake sana'a nan ne ya fi sauƙi, wato Kano, don ko ka ci shari'a a Maraɗi, zartar da hukuncin a kan mutumin da ke Kano wata shari'ar ce daban. Kano na da ƙananan kotunan bashi da aka tsara don a gama da wuri. Amma tambayarka ta ƙarshe ba ni da amsar da za ta yi maka daɗi.

Injiniya: To ka gani, Barista. Doka ta dawo, amma mai ƙiba take kamawa. Tsakanin ƙaramin mai saye da ƙaramin mai sayarwa, in iyaka ta shiga tsakani, har yau duniyar Barlow ake ciki.

Barista: Na ba ka rabin wannan. Rabi kawai.

Malam na Zaure: Assalamu alaikum. Na jima ina karantawa. Ina so in tuna wa 'yarmu mai bincike cewa ba Turawa kaɗai suka yi wannan tunani da wuri ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a watan Maris na 1990, shekara biyar kafin Amazon ta sayar da littafi ko ɗaya, ta fitar da matsaya a kan ƙulla ciniki ta kayan sadarwa na zamani. Sun ambaci tangaraho da teles da fas, har da allon kwamfuta. Suka ce in ta rubutu ne, ciniki ya ƙullu a lokacin da tayi ya isa ga wanda aka yi wa kuma ya karɓa. In ta tarho ne, hukuncinsu na waɗanda ke zaune wuri ɗaya ne. Suka ware abu uku: aure saboda shaidu, canjin kuɗi saboda sai hannu da hannu, da salam, wato cinikin a biya yanzu a kawo kaya daga baya, saboda sai an ba da kuɗi tun a farko.

Matsalar Alhaji na Maraɗi kuwa, duk wanda ya yi Risala a zaure ya wuce ta kanta. An halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, an kuma halatta sayen abin da ke cikin dila ba tare da an kwance ba, bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, wadda ake kira barnamaj. Imamu Malik ya yi maganarta a Muwaɗɗa. Sharaɗin shi ne kaya su dace da siffa. In sun dace ciniki ya zauna, in sun saɓa mai saye na da zaɓin mayarwa. Bidiyon da aka tura maka shi ne barnamaj ɗinka, Alhaji. Kada ka goge.

Ɗalibar Lauya: Allah ya gafarta Malam, wannan ai dokar dokin Easterbrook ce da rawani! Tsohuwar ƙa'ida ta ɗauki sabon abu ba tare da an sake mata riga ba.

Malam na Zaure: Ban san Easterbrook ba, 'yata, amma mun san doki.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya gafarta Malam, to masu sayar da gwal ta WhatsApp fa, a tura kuɗi yau a kawo sarƙa jibi?

Malam na Zaure: Hajiya wannan babi ne mai tsawo, kuma akwai maƙwabtanki a zauren nan. A buɗe masa zance na daban.

Sabon Shiga: Akwai data mai sauƙi duk layuka, a yi min magana ta ciki

Mai Kula da Zaure: Malam Sabon Shiga, ranar talla Juma'a ce. Na goge, in an sake sai waje.

Baba Tsohon Ma'aikacin Banki: Malam ya ce kada a goge bidiyo, sai na tuna wahalar da muka sha. Ku yaran yanzu kun ɗauka kotu ta daɗe tana karɓar abin da kwamfuta ta buga. Mun yi aiki da dokar shaida ta zamanin Turawa, ta shekarun 1940, wadda ta san littafin banki ne kawai, wannan ƙaton laja mai bangon fata da sai mutum ya rungume shi. Da muka koma kwamfuta, sai ka je kotu da takardar asusu da injin ya fitar, lauya ya miƙe ya ce wannan ba littafin banki ba ne. Wani alƙalin ya karɓa, wani ya ƙi. Na taɓa wuni a benci da takarda a hannu ana gardama ko ita ce asali ko kwafi, aka tashi ba a kira ni ba.

Barista: Baba ya faɗi gaskiya, kuma abin mamakin shi ne tun 1969, a shari'ar Esso da Oyegbola, Kotun Ƙoli ta ce bai kamata doka ta rufe ido ga sababbin hanyoyin kasuwanci da sirrin kwamfuta ba. Amma sai 2011 aka yi sabuwar dokar shaida, sashe na 84 ya buɗe ƙofa a fili. Shekara 42 ke nan. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta fitar da samfurin dokar cinikin lantarki tun 1996 don ƙasashe su kwafa. A nan ne nake rabuwa da mai dokar doki: da tsohuwar doka ta wadatar, da Baba bai wuni a benci ba.

Kuma ƙofar da sharaɗi. Sai ka nuna na'urar da ta fitar da abin tana aiki daidai, yawanci da takardar shaida mai sa hannu. A shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka bugo daga intanet saboda ba a cika wannan ba. Don haka Alhaji, hoton hira kaɗai kada ka dogara da shi. Ka adana wayar kanta, da rasit ɗin tiransifa, da lambar direban da ya ɗauko kayan.

Ɗalibar Lauya: Zancen sa hannu ya tuna min. Jihar Utah ta Amurka ce ta fara dokar sa hannun lantarki a 1995, ta tsara komai dalla-dalla, kusan ba wanda ya yi amfani da ita. Da Bill Clinton zai rattaba hannu a dokar tarayya a ƙarshen Yunin 2000, ya yi da kati mai ƙwaƙwalwa a gaban 'yan jarida, amma sai da ya fara sa hannu da alƙalami tukuna.

Baba Tsohon Ma'aikacin Banki: Ai ya san abin da yake yi. Ba a sakin reshe a kama ganye.

Injiniya: Haraji fa ba wanda ya taɓo. A 1997 gwamnatin Clinton ta ce 'yan kasuwa su ja gaba, gwamnati ta ja baya. A 1998 aka hana sanya sabon haraji na musamman a kan intanet, ƙungiyar ciniki ta duniya ma a shekarar ta amince kada a sa kuɗin kwastam a kan abin da aka turo ta waya, aka yi ta sabunta wannan sama da shekara ashirin. Mutane suka ɗauka intanet kasuwa ce marar ɗan haraji har abada.

Barista: Har abadan ta ƙare a Yunin 2018. Akwai hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1992 da ya ce jiha ba za ta tilasta wa kamfani karɓar mata harajin sayayya ba sai yana da shago ko ma'aikata a cikinta, kuma a kan masu sayar da kayan ofis ta gidan waya aka yi shi, ba intanet ba. Masu cinikin intanet suka fake a nan shekara da shekaru. A shari'ar Dakota ta Kudu da Wayfair alƙalai biyar cikin tara suka rushe shi. Mai karɓar haraji yana iya makara, amma ya san hanyar kasuwa.

Hajiya Mai Atamfa: Barista a yi a hankali da wannan zancen, kada su ji su biyo mu har cikin WhatsApp.

Baba Tsohon Ma'aikacin Banki: Ni hasashen da ya fi ba ni dariya shi ne wai dillali zai mutu. Bill Gates ya rubuta a 1995 cewa za a yi kasuwa marar tangarɗa, mai kaya da mai saye su haɗu kai tsaye. To Amazon mece ce? eBay mece ce? Dillalai ne da ba a taɓa yin masu girmansu ba, la'adarsu kuma ba a roƙon ragi. Bambancinsu da namu ɗaya ne. Mahaifina ya yi fataucin shanu zuwa Ibadan. A can mai gida ne ke saukar da kai, ya ajiye maka kuɗi, ya haɗa ka da mahauci, kuma in mahaucin ya ɗauki sa bashi ya ƙi biya, mai gida ne zai biya ka. La'adarsa kuɗin tsayawa ce. Waɗannan na zamani sun so su ci la'ada su ce su allo ne kawai da ake manna talla.

Barista: Kuma da farko doka ta ba su wannan rigar, Baba. Dokar Amurka ta 1996 da ta Tarayyar Turai ta 2000 duk sun sassauta wa mai shafi a kan abin da wasu suka ɗora. Kamfanin kayan ado na Tiffany ya kai shafin gwanjo na eBay ƙara kan jabun kaya, ya faɗi a 2010. Amma a 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ce ana iya kama Amazon da alhakin batirin kwamfuta da ya fashe ya ƙona wata mata, duk da wani ɗan kasuwa ne ya sayar ta shafinta, don ita ta ajiye kayan, ita ta karɓi kuɗin, ita ta aika. Sannu a hankali ana mayar da su matsayin mai gidan Ibadan.

Ɗan Maraɗi: To ni dai ba ni da mai gida a Facebook. Bidiyo na nan, rasit na nan, direban ma na san shi, duk Talata yana shigowa.

Hajiya Mai Atamfa: In direban ya san inda ya ɗauko kayan ai magana ta zo da sauƙi. Alhaji ka tambaye shi wane gida ne a Kwari, wane layi, ko a tasha aka kawo masa. Kowane gida na da shugabansa, kuma ba sa son a ce a gidansu aka cuci baƙo, balle na ƙetare. Ka turo min ta ciki, kada ka sa sunan kowa a nan. Wanda nake saro a wurinsa ya daɗe a kasuwar, jibi zan shiga in yi masa maganar.

Barista: Hajiya in an je a fara da lalama. In ya amsa zai canza, a sa ya faɗa ta rubutu ko ta murya a WhatsApp, a ajiye.

Ɗan Maraɗi: Na gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Bari a sauko daga Isha'i in kira direban.